Tara tsofaffin fina-finan Asiya ta Tsakiya: wane kwafi ne a hannunka?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya yana cewa tun yana yaro yake kallon fim ɗin nan na Ali Baba da ɓarayi arba'in wanda Dharmendra da Hema Malini suka fito a ciki, kuma duk tsawon shekarun nan yana ɗaukarsa fim ɗin Indiya tsantsa, sai kwanan baya ya gano cewa rabin aikin na mutanen Uzbekistan ne. Wannan ya sa masa sha'awar tsofaffin fina-finan ƙasashen Asiya ta Tsakiya, har yana son ya fara tara su, shi ne yake neman sanin ta inda zai fara, da waɗanda suka cancanci a wahala a kansu, da yadda zai bambanta kwafi mai kyau da na banza.

Malam, fim ɗin da ya janyo ka shi ne ya fi dacewa mu fara da shi, domin duk matsalar da za ka riƙa cin karo da ita tana cikinsa. An sake shi a 1980, haɗin gwiwa tsakanin kamfanin Uzbekfilm na Tashkent da wani kamfanin Indiya, kuma daraktocinsa biyu ne, Latif Faiziyev da Umesh Mehra. Wanda ka sani shi ne na Indiyanci, mai waƙoƙin R. D. Burman, amma akwai na Rashanci da aka nuna a Tarayyar Sobiyet, wanda aka tace daban kuma bai kai na Indiya tsawo ba. Labari ɗaya, 'yan wasa ɗaya, amma idan ka jera su ka kalla za ka ga fim biyu ne. Saboda haka mai tara fina-finan wannan yanki ba ya tsayawa a kan cewa yana da fim kaza. Tambayar da yake yi wa kansa ita ce wane kwafi na fim kaza ne a hannunsa, da wane harshe, da wane tsawo, kuma daga ina aka ɗauko shi. A yau sunayen fina-finan da yawa suna nan birjik a intanet. Abin da ya yi ɓatan dabo shi ne muryarsu ta gida da cikakken hotonsu.

Dalilin haka yana cikin yadda aka gina masana'antar. Ƙasashen biyar, wato Kazakistan, Uzbekistan, Kirgizistan, Tajikistan da Turkmenistan, jamhuriyoyi ne a ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet har zuwa 1991, kowace da kamfanin fim na gwamnati guda a babban birninta: Kazakhfilm a Alma-Ata, Uzbekfilm a Tashkent, Kirgizfilm a Frunze wanda ake kira Bishkek yanzu, Tajikfilm a Dushanbe, Turkmenfilm a Ashgabat. Uzbekistan ce ta riga sauran, domin an kafa kamfanin Bukhkino a Bukhara tun 1924, sannan Sharq Yulduzi, wato Tauraron Gabas, a Tashkent a 1925, wanda shi ne ya rikiɗe ya zama Uzbekfilm. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa yankin ƙwarewa ta hanyar da ba a tsara ba, domin a 1941 an kwashe manyan kamfanonin Mosko da Leningrad zuwa Alma-Ata don tsere wa sojojin Jamus, a can ne ma darakta Eisenstein ya ɗauki kashi na farko na fim ɗinsa a kan sarki Ivan, yayin da kamfanin Kiev ya sauka a Ashgabat. Amma kuɗi da izini da yawan kwafin da za a buga duk daga hukumar Goskino ta Mosko suke fitowa. Fim ɗin da hukumar ta yi na'am da shi za a buga masa kwafi da yawa a watsa ko'ina, wanda kuwa ta yi wa kallon hadarin kaji sai a buga masa 'yan kaɗan, ya yi zagayen gida ya kwanta, wani ma a ajiye shi a kanta shekara da shekaru. Ƙarancin da kake gani a yau sau da yawa hukuncin wani ofis ne na shekara hamsin da suka wuce, ba shaidar rashin kyan fim ba.

Sannan akwai maganar ajiya. Nagetif ɗin fina-finai da yawa na waɗannan jamhuriyoyi, wato asalin zaren da ake buga kwafi daga gare shi, an kai shi rumbun Gosfilmofond da ke Belye Stolby kusa da Mosko, wanda aka kafa a 1948, kuma da tarayyar ta wargaje sai rumbun ya zama na Rasha, masu fim suka wayi gari asalin aikinsu yana wata ƙasa. Abin da ya rage a gida shi ne kwafin da aka yi ta nunawa har ya gaji. Tajikistan ta faɗa yaƙin basasa daga 1992 zuwa 1997, a Turkmenistan kuwa, zamanin Saparmurat Niyazov, harkar fim ta kusa mutuwa murus, aka rufe gidajen silima. Shi ya sa na waɗannan ƙasashe biyu suka fi na sauran wuyar samu da kyakkyawan hoto.

Shawarata ita ce kada ka fitar da ko sisi kafin idonka ya saba, kuma idon zai fi saurin sabawa idan ka fara da shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, lokacin da 'yan ƙasa da suka yi karatu a makarantar fim ta VGIK a Mosko suka dawo gida suka karɓi kyamara. A Kirgizistan abin ya zo da ƙarfi har masu sharhi suka riƙa kiransa abin al'ajabi, kuma kusan duk ya taru ne a inuwar marubuci Chingiz Aitmatov. Larisa Shepitko ta yi Znoy, wato zafin rana, a 1963 daga wani labarinsa, kuma abin sha'awa a wannan fim shi ne yaron da ya ja shi, Bolotbek Shamshiev, da mai ɗaukar sautinsa, Tolomush Okeev, su biyun ne suka zama manyan daraktocin ƙasar daga baya. Dogon fim ɗin Okeev na farko, wanda Rashawa suka sani da Nebo nashego detstva, sararin samaniyar ƙuruciyarmu, su kuma Kirgizawa suke kira makiyayar Bakai, labarin wani tsohon makiyayin dawaki ne da aka ratsa wurin kiwonsa da hanyar mota, 'ya'yansa kuma birni yana janye su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin burtali ya koma gona ko fuloti ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ke cin ran tsohon.

Wanda na fi so a ba sabon shiga, duk da haka, na Turkmenistan ne: Gelin, ko Nevestka da Rashanci, wato matar ɗa, wanda Khodjakuli Narliev ya yi a farkon shekarun 1970, matarsa Maya-Gozel Aimedova ta fito a ciki, har ya ci lambar yabo ta gwamnatin Tarayyar Sobiyet a 1973. Mace ce matashiya da mijinta matuƙin jirgin sama ya tafi yaƙi bai dawo ba, ta ci gaba da zama da surukinta, tsohon makiyayin tumaki, su biyu a tsakiyar hamada. Magana a fim ɗin ba ta da yawa. A al'adar Turkmen amarya takan ja bakin mayafi ta rufe bakinta a gaban surukinta, don haka abin da ke tsakaninsu ana ganinsa ne a yadda take ajiye masa shayi, da yadda yake kau da kai don kada ta ji nauyi, da yadda take ɗaga ido duk sa'ad da ƙarar jirgi ta ratsa sama. Na taɓa kallonsa da wani Bature wanda ya ɗauki shirun matar a matsayin danniya kawai, ni kuwa da na tashi a gidan da mace ba ta kiran sunan surukinta, ba ta cin abinci a gabansa, na ga kunya ce da girmamawa da ƙauna suka cuɗe wuri guda. A nan Bahaushe yana da idon da mai kallo na Turai ba shi da shi, kuma bai kamata ya raina wannan ba. Narliev mai ɗaukar hoto ne kafin ya zama darakta, kuma hannunsa ya nuna: yashi da rijiya da fuskar mutum su ne suke yi masa magana.

A Uzbekistan ka nemi Sen yetim emassan na Shukhrat Abbasov, na 1962, ma'anarsa kai ba maraya ba ne, wanda aka gina a kan labarin gaskiya na wani maƙerin Tashkent da matarsa da suka riƙi marayun yaƙi fiye da goma daga ƙabilu daban-daban, sai Nezhnost na Elyor Ishmukhamedov na 1966, sai kuma duk abin da ka samu na Ali Khamraev. A Kazakistan akwai Shaken Aimanov, wanda kamfanin Kazakhfilm ke ɗauke da sunansa, da Kyz Zhibek na Sultan Khodzhikov, tatsuniyar soyayya da Kazakawa suka haddace kamar karatu. Tajikfilm kuwa ta yi fice da fina-finan Boris Kimyagarov a kan Rustam da Suhrab da Siyavush, waɗanda aka ciro daga Shahnameh na Firdausi.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa maka tun yanzu, domin za ka ci karo da shi kuma zai iya ɓata maka rai. Ƙasar Imam Bukhari da Imam Tirmizi ce, amma gwamnatin da ta biya kuɗin fina-finan ba ta yarda da addini ba, saboda haka malami da attajiri da mayaƙan Basmachi da suka yi wa mulkin Sobiyet tawaye su ne miyagu a fina-finai da dama, musamman na harbe-harbe a kan dawaki. Wasu farfaganda ce zalla, kuma darajarsu ga mai tarawa ta tarihi ce kawai. Amma gwanayen cikinsu sun koyi magana da baki biyu, abin da 'yan wasa ke furtawa na hukumar tacewa ne, abin da kyamara ke nunawa na mutanen gida ne. Bez strakha na Khamraev, wato ba tsoro, a kan gangamin cire lulluɓi ne da aka ƙaddamar a 1927, kuma a takarda fim ne na yabon gangamin, amma abin da ke zama a zuciyar mai kallo shi ne jinin matan da aka tura gaba aka bar su da mutanen gari. Wanda bai iya karanta wannan baki biyu ba zai zubar da fina-finai masu daraja, ko kuma ya haɗiye ƙarya yana zaton tarihi ne.

Yanzu ga batun harshe, wanda shi ne ya fi kowane ruɗarwa. Mu da muka saba da fassarar fina-finan Indiya mun ɗauka kullum akwai murya ta asali sannan akwai wadda aka ɗora. A can abin bai tsaya haka ba. Yawancin fina-finan Sobiyet a ɗakin sauti ake ɗora musu murya bayan an gama ɗauka, kuma 'yan wasan fim guda kan fito daga jamhuriyoyi uku ko huɗu, wani bai iya harshen wani ba. Ana yin na Rashanci don Mosko da sauran tarayyar, ana yin na harshen gida don jamhuriyar, kuma ba kullum na gidan ne na farko ba. Igla na Rashid Nugmanov, wato allura, wanda mawaƙi Viktor Tsoi ya ja a 1988, da Rashanci aka yi shi, haka mutanen Alma-Ata na cikin labarin suke magana, don haka neman na Kazakanci a matsayin asali ɓata lokaci ne. Kyz Zhibek kuwa da Rashanci kamar tuwo ne ba miya, domin waƙe da karin magana su ne ransa. Hanyar ganewa ita ce ka zuba ido a kan leɓen manyan 'yan wasa a wurin da kyamara ta matso, ka ga da wane sauti bakin ya fi tafiya. Idan ka samu duka biyun, riƙe su duka. Wanda za ka guje wa shi ne kwafin da aka bar muryar gida a ƙasa, wani namiji guda yana karanta fassarar Rashanci a kanta da murya ɗaya, maza da mata da yara duk shi ne.

Sunaye ma tarko ne. Fim guda yana iya ɗaukar suna uku, na gida da na Rashanci da wanda aka sayar da shi a Turai, kamar fim ɗin Okeev na 1973 a kan yaro da ɗan kyarkeci, wanda yake Kokserek a wurin Kazakawa, Lyutyy a wurin Rashawa. Sunan darakta kuma yana sauya kama gwargwadon wanda ya rubuta shi, Khamraev a nan, Hamroyev a can, ga shi Uzbekistan da Turkmenistan sun koma haruffan Latin bayan samun 'yanci. Ba sai ka iya Rashanci ba, amma ka koyi haruffan Sirilik da ake rubuta shi da su, aikin mako guda ne, domin abin da za ka samu idan ka rubuta sunan fim da su ya ninka wanda za ka samu da haruffanmu nesa ba kusa ba. Kada kuma bambancin shekara guda ya dame ka: wani kundin yana ba da shekarar da aka gama fim, wani shekarar da aka sake shi.

Na biyu bayan harshe shi ne faɗin hoto, kuma a nan ni ma an taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Na yi cinikin biri a sama da wani mai sayarwa a intanet a kan faifan Sedmaya pulya na Khamraev, harsashi na bakwai, na 1972, kwalinsa da kyau, an rubuta cewa gyararren kwafi ne. Da ya iso na saka, sai na ga jarumin fim ɗin, Suimenkul Chokmorov, yana magana da wani mutum wanda hancinsa kawai ke cikin hoto. An ɗauki fim ɗin ne da faffaɗan allo, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu, shi kuwa wannan daga talabijin aka naɗo shi, an datse gefe da gefe don ya cika tsohon akwati, har da tambarin tashar a kusurwa an shafe shi da wani dishi-dishi. A fim ɗin da rabin ma'anarsa tana cikin ƙanƙantar mahayi a tsakiyar fili, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Tun daga ranar nake duba rubutun farkon fim kafin komai: idan haruffan sun yanke a gefe, ko mutane sun yi tsawo sun rame kamar sanda, an taɓa hoton. Launi ma haka. Zaren fim na kamfanin Svema da aka fi amfani da shi yana koɗewa, kuma yanzu an samu masu wanke tsohon kwafi da manhajar kwamfuta har fuskoki su yi sumul kamar roba, su kira shi gyara. Gara mini kwafi mai ƙyasbi da 'yan zane-zane wanda hotonsa ya cika da wannan.

Tsawon lokaci kuwa yana da lissafi mai sauƙi da zai hana ka zargin kwafi mai kyau. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin na Sobiyet da na Turai da namu kuwa 25, don haka fim mai minti 100 yakan koma minti 96 a kaset ko DVD ba tare da an cire komai ba. Kundayen Sobiyet kuma suna ba da tsawon fim da mita da yawan faifan zare, kuma zare mai faɗin milimita 35 yana cin mita 27 da ɗoriya a minti guda, ke nan fim mai mita 2,400 ya kama kamar minti 88. Idan giɓin ya tsaya a huɗu cikin ɗari, gudun talabijin ne. Idan ya kai minti goma cif, ka yi zargin faifai guda ne ya ɓata, domin kowane faifai kusan minti goma yake ɗauka. Wani lokaci kuma darakta ne da kansa ya sake taɓa aikinsa, kamar yadda Nugmanov ya sake tace Igla ya fitar da shi a 2010 da ƙare-ƙare. Wannan fim ne na daban, kada ya maye maka gurbin na 1988.

Game da abin da za ka saya ka ajiye a kanta, fara da waɗanda aka gyara daga nagetif, ko da yake ba su da yawa. Mest na Ermek Shinarbaev, wato ramuwa, na 1989, wanda marubuci Anatoli Kim ya rubuta a kan Koriyawa, al'ummar da Stalin ya kwaso daga gabas mai nisa ya zube a Kazakistan da Uzbekistan a 1937, gidauniyar Martin Scorsese ta gyara shi tare da rumbun fina-finai na Bolonya a Italiya a 2010, kuma kamfanin Criterion ya fitar da shi. Gidauniyar nan ta kuma gyara Gibel Otrara na Ardak Amirkulov, na 1991, a kan faɗuwar birnin Otrar a hannun Jengis Khan, fim mai nauyi da ya haura awa biyu da rabi. Turksib na Viktor Turin, na 1929, a kan shimfiɗa layin dogo tsakanin Turkistan da Siberiya, cibiyar fina-finai ta Birtaniya ta fitar da shi da kyakkyawan hoto. Akwai kuma wani kunshin DVD na fina-finai goma, biyu daga kowace ƙasa, da cibiyar Open Society ta ɗauki nauyinsa a tsakiyar shekarun 2000 da taimakon masaniyar fim Gulnara Abikeyeva. Ɗakunan karatu aka fi raba wa, shi ya sa ganinsa a kasuwa sai an dace, kuma idan ka dace kada ka tsaya dogon ciniki. Wani abin da zai yi maka daɗi shi ne a rabon shiyyoyin DVD, Najeriya da Nijar da Rasha da Asiya ta Tsakiya duk shiyya ta 5 ce, faifansu zai yi a na'urarka. A Blu-ray ne aka raba mu: mu B ne, su C, na Criterion na Amurka kuma A, saboda haka ka tanadi na'urar da ba ta zaɓen shiyya kafin ka yi oda. Kafin duk wannan ma, leƙa shafukan YouTube na kamfanonin kansu, irin na Kazakhfilm da Mosfilm na Mosko, domin abin da suka ɗora da hannunsu halal ne kuma yakan fi na 'yan kasuwa kyau.

Fosta da takardu su ne ɓangaren da talaka zai iya shiga ba tare da ya karye ba, kuma suna da wata falala: fostar Sobiyet tana ɗauke da shaidarta a jikinta. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, za ka ga sunan maɗaba'a da ranar da aka ba da izinin bugawa da adadin da aka buga, sau da yawa har da sunan mai zane. Takardar asali ba ta da kauri, bayanta ya yi ruwan ƙasa, kuma galibi akwai layin ninki domin a ninke ake aika ta gidajen silima. Wadda ta zo fara fat a takarda mai sheƙi, ƙananan haruffan sun yi dishi-dishi, sabon bugu ce. Fostocin da aka yi a Folan da Jamus ta Gabas don waɗannan fina-finai zane ne na daban, masu tarawa na rububinsu. Akwai kuma ƙasidun talla na Sovexportfilm, hukumar da take sayar da fina-finan Sobiyet a ƙasashen waje, da harsuna da dama, ciki har da Turanci da Faransanci, da littattafan bikin fina-finan Asiya da Afirka da aka fara a Tashkent a 1968, inda za ka ga sunayen masu fim na nahiyarmu a jere da na Uzbekawa. Wanda ya fi duka amfani, ko da yake ba shi da kyan gani, shi ne ɗan littafin da ake bugawa na jerin hotuna da maganganun fim daki-daki don masu duba kwafi. Da shi za ka tabbatar ko naka ya cika, da shi kuma za a iya yin fassara mai aminci.

Zaren fim kansa, ina roƙonka ka bar shi sai ka shirya. An buga kwafi masu yawa a ƙaramin zare na milimita 16 don majigin da ke bin ƙauyuka da rugagen makiyaya, kamar dai majigin da iyayenmu suka kalla a ƙofar fada, kuma irin waɗannan gwangwanaye suna fitowa kasuwa da araha mai jan hankali. Na taɓa buɗe ɗaya, warin tsami kamar na ruwan kal ya buge ni tun kafin murfin ya gama ɗagowa, zaren ya yi kumbo ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Wannan ciwo ne na zaren asetet, zafi da laima ke hanzarta shi, ba ya warkewa, kuma yana harbin gwangwanin da ke kusa. Ɗakin da ba a rabuwa da ɗauke wuta a watan Afrilu ba wurin ajiyarsa ba ne. Na zamanin da can, mai sinadarin naitiret, ya fi wannan haɗari domin yana kamawa da wuta kamar fetur, kuma ruwa ba ya kashe ta cikin sauƙi. Ga shi ƙasashen suna da dokokin fitar da kayan tarihi, don haka tsohon abu yana iya maƙalewa a kwastan. Idan Allah ya haɗa ka da zaren wani fim da ba a samunsa a ko'ina, ka sanar da rumbun fina-finai na ƙasarsa. Su ne suke da ɗakin sanyi da na'urar ɗaukarsa.

Ka kuma buɗe littafi tun daga kwafin farko, domin bayan ka tara talatin ba za ka ƙara tuna wanne ne wanne ba. Ni ga kowane kwafi ina rubuta sunansa na gida da na Rashanci, kamfani da shekara, harshen murya, faɗin hoto, minti nawa, inda na samo shi, da aibin da na gani, sannan in ajiye fayil ɗin a ma'ajiya biyu da ba ɗaki ɗaya suke ba. Ali Baba naka layi biyu yake da shi a littafina, na Bombay da na Tashkent, kuma a gefen na Tashkent na rubuta cewa Rolan Bykov, wanda ya fito a shugaban ɓarayi, ya fi ban tsoro idan yana magana da harshensa.